Ranar Da Habibu Bai Ga Kuskure Ba

Walida da Abba, wannan babin naku ne, ko da yake sauran jikoki ma ban hana su leƙawa ba. Abin da ya sa na zauna rubuta shi wata magana ce da ta dawo kunnena a wajen sunan da aka yi bara a Ruwan Bago. Wata daga cikin gwaggwanninku ta ce, a gaban mata cike da tsakar gida, wai ubanku Habibu ya tafi Legas ne don ya faɗi jarrabawar kwamfuta a Rogo, 'yar ƙaramar yarinya ta kayar da shi. Wata kuma ta amsa da cewa a'a, ai surukinsa ne ya yi masa ƙafar ungulu. Surukin nan ni ne, kuma ina zaune a zaure ina jin su sarai. Duka biyun ba haka ba ne. Tunda na ga maganar ta fara tsufa a cikin dangi, har yara suna ɗaukarta, gara in faɗi yadda aka yi tun idona yana iya ganin allo.

Kun san ni ɗan manoman Ruwan Bago ne, karatu ya jefa ni Kano, na faɗa aikin rubuta manhaja tun lokacin da kwamfuta ɗaya take cinye ɗaki guda. Mahaifina har ya koma ga Allah bai gane aikina ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Yana can birni yana koya wa inji lissafi." Da girma ya zo, kamfaninmu ya ɗora mini ɗaukar sababbin ma'aikata, a nan ne na koyi cewa takarda ba ta gaya maka ko mutum ya iya. Na ga satifiket mai ado a gefe, na ga waɗanda suka haddace amsoshin intabiyu har da inda ake yin murmushi. Sai na ƙirƙiro tawa hanyar. Ina rubuta 'yar gajeriyar manhaja wadda in ka kalle ta sama-sama lafiyarta ƙalau, in ɓoye kurakurai a cikinta da gangan. In zaunar da mai neman aiki a kujerar da ke gefena, kafaɗa da kafaɗa, in juya masa kwamfutar in ce, "Ni na rubuta wannan. Karanta, ka gaya mini inda na yi shirme." Dalilina shi ne, yawancin aikinmu karatun abin da wani ya rubuta ne da gyara shi, sabon rubutu kaɗan ne. Kuma ina son in ga abu biyu a zama ɗaya: idon da zai hango kuskuren, da bakin da zai iya faɗar sa. Hanyar ba ta taɓa ba ni kunya ba a Kano, shi ya sa nake alfahari da ita har abokan aiki suna yi mini tsiya.

Da na yi ritaya muka dawo Karaye, ni da kakarku Asabe, wadda kuke kira Inna. Uwarku Rakiya ita ce 'yar farinmu, kuma Allah ya sa gidan aurenta lungu ɗaya ne tsakaninsa da namu. Ke Walida, amaryata, a gidanmu kike karin kumallo, ki koma gida ki ce ba a ba ki komai ba. Kai kuwa Abba, takwarana kuma abokin gabata, a bayan Inna ka yi wayo, in na matso kusa da ita ka ɗaga mini hannu kamar za ka rufe ni da duka. Inna ba ta taɓa kiran sunan Rakiya ba saboda kunyar ɗan fari, "yarinyar nan" take cewa, ko a gaban ido ba ta cika sakar mata fuska ba. Duk son da ta kasa nuna wa 'yarta, a kanku ta juye shi. Ubanku a lokacin ya gama karatun kwamfuta, yana koyarwa na wucin gadi a wata sakandare, yana kuma ɗan karɓar ƙananan ayyuka ta intanet. Abin bai isa riƙe gida ba. Sai ga wani kamfani a Legas ya yi masa tayin aiki, suka ba shi lokaci ya yi shawara. Tun ranar da labarin ya shigo gidanmu Inna ta daina cin abinci da daɗi.

Ana cikin haka sai wata ƙofa ta buɗe. Zaman banza ya ishe ni, na rubuta wa ƙungiyar manoman gyaɗa ta Rogo wata manhaja mai aika saƙo a waya, tana gaya wa kowane manomi ranar da zai kawo gyaɗarsa sito da ranar da taki ya iso. Abin wasa ya girma, ƙauyuka suka yi ta shigowa, har wani kamfani na Kano ya shigo da hannunsa, ya turo wata ma'aikaciyarsa, Malama Zainab, mace mai kaifin kai da ba ta son zagaye-zagaye. Suka ce suna son mutum ɗaya mai rubuta manhaja da zai zauna a Rogo dindindin, albashi mai kyau. Habibu ya nema. Da Inna ta ji, sai ta ajiye muciya ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Malam, ka ga Allah ya kawo mana mafita har gida. Kai ne fa mai jarrabawar."

"Ni ne mai jarrabawar, Asabe, shi ya sa ma ba ruwana."

"Oho dai. Ni jikokina na sani."

Washegari na sami Malama Zainab da shugaban ƙungiyar, Alhaji Bala, wanda muka yi firamare tare, na ce musu mijin 'yata yana cikin masu nema, don haka zan janye. Malama Zainab ta ce in bar musu jarrabawata, in zauna in gabatar da ita kamar yadda na saba, tunda ni na san inda na binne kurakuran, amma ba ni da maki ko ɗaya, ita da Alhaji Bala ne za su yanke. Kowa ya ga adalci ya cika. Hankalinmu duka ya tafi kan kada in fifita surukina, a nan muka tsaya. Ni a Kano na saba yin jarrabawar nan, a Kano kuwa ban taɓa zaunar da suruki a gefena ba.

Dole in gaya muku wane ne ubanku a gabana, don ku a Legas kuka girma, ba lallai ku gane ba. Tun ranar da aka ɗaura aurensa da Rakiya, Habibu bai taɓa zama a kan kujera ina wuri ba. Bai taɓa cin abinci ko shan ruwa ina kallo ba. In ya hango ni a hanya yana kan babur, sai ya kashe, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ko da kuwa cikin taɓo ne. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba, shi ya sa ma kai da aka sa maka sunana yake ce maka Abba. Gidansu haka suke, mutanen da suka daɗe suna hidimar dagatai ne, ladabi a jininsu yake. Ni kuma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba, har ina yi wa abokaina gori da shi.

Ranar jarrabawar, da hantsi, muka taru a ofishin ƙungiya da ke Rogo Sabon Gari. Kaka ce, buhunan gyaɗa jibge har bakin taga, janareta yana ta ƙara a waje. Kurakuran da na ɓoye irin na aikinmu ne. Akwai wanda yake sa manhajar ta tsallake manomi na ƙarshe a kowane ƙauye, saƙo bai kai gare shi ba. Akwai wanda yake haɗe mutum biyu masu suna ɗaya ya mai da su mutum guda, kun kuwa san yawan Musa Ibrahim a ƙasar Rogo. Samari suka shigo ɗaya bayan ɗaya, wani ya gano wani abu, wani ya yi ta zufa. Sai wata yarinya daga Jajaye mai suna Sa'adatu ta shigo, ta gaishe mu, ta ja kujerar ta ɗan nisanta kaɗan ta zauna. Na faɗa mata abin da nake faɗa wa kowa. Ta karanta, sannan ta sa yatsa a allo.

"Baba, a yi haƙuri, nan ka yi kuskure. Mutumin ƙarshe ba zai sami saƙo ba."

"Kin tabbata? Na fa fi shekarunki ina wannan aikin."

"Na tabbata, Baba. A gwada a gani."

Ta gano mafi yawansu, ɗaya ya wuce ta, ta kuma zargi wani layi da ba shi da laifi. Amma duk abin da ta gani ta faɗa, ta kuma faɗi dalili. Na ga Malama Zainab tana gyaɗa kai.

Habibu ne na ƙarshe. Ya bar takalminsa a waje, ya shigo da sallama, yana ganina ya zube a bakin ƙofa ya shiga gaisuwa: an kwana lafiya, ya gajiya, ya mutanen gida, ya ƙarfin jiki. Malama Zainab ta nuna masa kujerar da ke gefena. Ya dubi kujerar ya sunkuyar da kai. Ta sake nuna masa. Da ƙyar, da sa bakin Alhaji Bala, ya matso, amma bai hau ba, sai ya durƙusa a gaban teburin ya miƙa hannu ya kama linzamin kwamfutar daga ƙasa. A nan na hango inda za a je. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, abin da na faɗa wa kowa shi zan faɗa masa.

"Ni na rubuta wannan. Karanta, ka gaya mini inda na yi shirme."

Ku saurara da kyau, don wannan shi ne abin da ni kaɗai na gani, saboda ni ne a gefen allon. Akwai 'yar alamar nan mai ƙiftawa da ke nuna inda mai karatu yake a cikin rubutu. Habibu ya fara gangarowa da ita layi bayan layi. Da ta iso kan kuskuren farko, ta tsaya. Ta daɗe tana ƙiftawa a wurin, sannan ta wuce. Ta iso kan na masu suna ɗaya, ta tsaya. Ta iso kan wanda ya wuce Sa'adatu, ta tsaya a kansa daidai, a kan harafin da na canja. Layin da Sa'adatu ta zarga ba laifi kuwa, ko waiwayarsa bai yi ba. Babu ɗaya da ya kuɓuce masa. Ni kuma a zuciyata ina cewa, faɗa mana ɗan nan, don Allah buɗe baki ka faɗa. Ya kai ƙarshe, ya saki linzamin, ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa.

"Baba, ban ga kuskure ba."

Malama Zainab ta ce, "Malam Habibu, ka sake dubawa. Muna da lokaci."

"Ranki ya daɗe, aikin Baba ne. Ban ga kuskure ba."

Wallahi ban san lokacin da na cire hulata na riƙe a hannu ba. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, kuma a ƙarƙashinsu akwai wani jin daɗi da na kasa korewa, don ban taɓa ganin idon da ya kai nasa ba a duk waɗanda na jarraba. Ya yi mana sallama ya fita da baya.

Da aka watse na karya alkawarin shirun da na yi, na gaya musu abin da na gani. Alhaji Bala ya tafa hannu.

"To ai shi ke nan! Yaro ya sani, kunya ce ta hana shi, kuma kunya ai abin yabo ce. Mu ba shi kawai. Wa zai ce wani abu? Malam, kai dai ka ce to."

Malama Zainab ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, na yarda ya gani, tunda kai ka faɗa. Amma rabin manhajar nan kai ka rubuta ta. Duk wanda muka ɗauka, gyaran aikinka zai wuni yana yi. Ranar da kuskuren gaske ya fito, mutanen wani ƙauye suka ɗauko gyaɗa a kan amalanke suka zo ranar da ba tasu ba, wa zai zo ya ce mana daga ina ne? Ni zan bi abin da ka ce, don kai ka san su. Amma ka yi tunani."

Na roƙi a ba ni zuwa jibi. A gida Inna ta riga ta ji, don labari a Karaye ba ya jiran mota. Ta same ni ina alwala ta tsaya a kaina.

"An ce Alhaji Bala ya yarda, kai ne ka tsaya."

"Ban tsaya ba, tunani nake."

"Tunanin me? Yaro ya girmama ka, shi ne laifinsa? Da ya zage ka a gaban mutane sai ka ba shi aiki? Wannan wace irin jarrabawa ce, Malam, wadda mai kunya yake faɗuwa?"

Tambayar tana da nauyi. Abin da na yi shi ne, na kira Rakiya, tunda ni da mijinta ba ma doguwar magana kai tsaye, na aike ta. Na ce ta gaya masa zan roƙi a sake jarrabawar, shi da Sa'adatu, ba na ɗakin, ba na garin ma. Kuma in ya samu, zan cire hannuna daga aikin gaba ɗaya. Abu ɗaya nake so ya tabbatar mini: in ya ga kuskure a abin da na riga na rubuta, zai faɗa. Da la'asar ta dawo, ta durƙusa nesa da ni, idonta ja.

"Baba, ya ce a gode maka. Ya ce ko sau nawa za a sake, in dai rubutunka ne, shi ba zai tsaya gaban mutane ya ce ka yi kuskure ba. Ya ce zai iya gyarawa a ɓoye, amma in an tambaye shi daga ina ɓarnar take, ba zai faɗa ba, kuma ba ya son ya karɓi amanar mutane a haka. Ya ce yarinyar ta ci, a ba ta."

"Ke kuma me kika ce?"

"Ni me zan ce, Baba? Inda ya tafi nan zan bi."

Har a lokacin, kalma ɗaya daga bakina ta isa. Alhaji Bala yana jira, Malama Zainab ta ce za ta bi, Habibu kuwa in na ce ya karɓa ba zai iya yi mini musu ba, kunyar da ta hana shi aikin ita za ta sa shi karɓa. Na san haka, Inna ma ta sani. Na je Rogo na ce a ba Sa'adatu. Dalilina bai canja ba har yau: saƙon nan manoma ne suke dogara da shi, kuma mutumin da kansa ya auna kansa ya faɗi gaskiya, ban ga dalilin da zan tursasa shi ya zauna inda kullum zai zaɓa tsakanin amana da surukinsa ba. Sa'adatu ta riƙe aikin da kyau. Ta yi ta samun kurakuraina na gaske, waɗanda ban binne da gangan ba, tana kirana a waya ta ce, "Baba, yau ma na kama ka."

Ranar tafiyarku Legas, Inna ta soya muku gyaɗa, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da dakakken yaji, ta rungume ku tana kuka har Abba ya tsorata. Da Rakiya ta zo ta durƙusa yi mata sallama, sai Inna ta juya mata baya tana gyara murhu, ta ce, "To, a sauka lafiya." Ko a ranar ba ta iya kallon 'yar farinta ba. Da motar ta tashi Inna ta shiga ɗakinta ta rufe. Ta daɗe ba ta yi mini maganar da ta wuce gaisuwa da ga abinci ba. Daga baya ta sauko, amma ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Kuna zuwa da salla, wata shekarar ku zo, wata ba hali. Ciwon da ya tafi da Inna bai ba da sanarwa ba. Aka kira Rakiya ta kamo hanya, motarsu ta wuce Kaduna kenan Allah ya karɓi abinsa, kafin ta iso mun dawo daga maƙabarta. A ciwon nan ne, da hankalinta ya fara gushewa, na ji Asabe ta kira sunan Rakiya, karo na farko tun da aka haife ta, kuma mai sunan ba ta kusa. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Allah ya ji ƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Saboda haka in wani ya sake ce muku ubanku ya faɗi jarrabawa, ku ce kakanku da ya rubuta ta ya ce bai taɓa ganin wanda ya karanta ta kamarsa ba. A Legas, inda babu surukinsa, kun fi ni sanin inda ya kai, yanzu shi yake duba aikin wasu. In kuma aka ce ni na hana shi, ku ce e, ni na ce a ba Sa'adatu, kuma shi ya riga ni faɗa.

Da kuka zo babbar sallar da ta wuce, ina tsakiyar rubuta wannan babin. Idona ya yi rauni, yatsuna suna tsallake haruffa. Kuna can waje kuna rigima a kan kan rago, na sa aka kira mini Habibu. Ya shigo, da furfurarsa a gemu, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Na tura masa kwamfutar a kan tabarma na ce ya karanta ya gaya mini in akwai gyara. Ya karanta tun daga farko, yana zuwa wajen Inna na ga ya tsaya ya share ido da hannun riga. Da ya gama ya koma sama, ya ɗan taɓa wani abu, ya turo mini kwamfutar a hankali.

"Baba, ban ga kuskure ba."

Ya tashi ya fita da baya. Na sa tabarau na duba allon. 'Yar alamar tana nan tana ƙiftawa a tsakiyar wani layi, inda na rubuta cewa ranar tafiyarku Inna ba ta yi wa Rakiya wata magana ba sai "a sauka lafiya." Na duba haruffan, babu wanda ya ɓace. Na kira Rakiya na karanta mata layin, na ce mene ne a nan? Ta ce ashe ban sani ba. Ranar, bayan na fita raka kaya tasha, Inna ta aika aka kira mata Habibu, ta tsaya a bayan labule ta ce masa, "Ga yarinyar nan, ka riƙe mini ita. Kuma kada ka riƙe Malam a zuciya, abin da ya yi shi ne daidai, ni dai ba zan gaya masa ba."

Ban gyara layin ba, na bar shi yadda na san shi, na ƙara wannan a ƙasa. Ku yi wa kakarku addu'a, ku kuma gaishe mini da ubanku.